Yadda ake haɗa ƙaramin tebur da rami da harshe, da kayan aikin hannu kawai

Teburin da aka kafa ƙafafunsa da ƙusa yakan tsaya daram ranar da aka gama shi. Bayan watanni ana ja ana turawa sai ƙusar ta buɗa raminta, ƙafa ta fara rawa, kuma ƙarin ƙusa ba ya maganin abin. Ƙusar da ta shiga ƙarshen katako tana bin tsawon jijiyarsa ne, ba ta da abin kamawa. Gam ma haka: ƙarshen katako shanye shi yake yi, ya bar haɗin a bushe. Shi ya sa kafintoci ke sassaƙa ƙarshen katako ɗaya ya zama harshe, su haƙa masa rami daidai shi a jikin ɗayan, ya shiga ya zauna. Dabarar ta daɗe ƙwarai, domin an tono rijiyoyin katako kusa da Leipzig a ƙasar Jamus masu shekaru kusan 7,000, an tarar da irin wannan haɗi a jikinsu.

Teburin da za a yi a nan ƙarami ne, tsayinsa milimita 470, samansa 500 da 380. Haɗi takwas ne a jikinsa, kuma wanda ya yi takwas ɗin nan da kyau zai iya yin babban tebur da ƙofa da gado. Duk awon da ke tafe da milimita ne.

Katako da kayan aiki

Ƙafafu huɗu, 45 da 45, tsawo 475 (za a rage su zuwa 450 daga baya). Katakan da ke zagaye ƙarƙashin saman tebur suna riƙe ƙafafu, wato ɗamara, kaurinsu 20, faɗinsu 80: biyu masu tsawon 420, biyu masu tsawon 300. A kowanne, 30 na kowane ƙarshe harshe ne, saboda haka abin da zai fito fili tsakanin ƙafa da ƙafa 360 ne da 240. Allon sama kuma 500 da 380, kauri 20, ana haɗa shi da falanki biyu ko uku.

Kayan aiki: kurfi mai faɗin 8 na haƙa rami, kurfi mai faɗin 20 ko 25 na share gefe, gudumar katako, ƙaramin zarto mai ƙarfe a bayansa da haƙora 12 zuwa 15 a kowane inci, jakfilen, sikwaya, wuƙar zane, geji mai allura biyu na zana layuka biyu a jikin katako, kilam huɗu na matse katako, da farin gam na kafinta. Gudumar ƙarfe ba ta dace ba, tana fasa ƙotar kurfi.

Katakon ya zama busasshe. Na kayan cikin ɗaki ana so laimarsa ta kasance tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Idan babu na'urar gwada laima, a jera katakon a ɗakin da za a yi aikin, a sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a bar shi mako biyu. Ɗanyen katako na yaudara: harshen zai shiga cif yau, in ya bushe ya tsuke ya saki. A zaɓi ƙafafu daga katako mai miƙaƙƙiyar jijiya, kuma kada ƙulli ya faɗo inda za a haƙa rami ko inda za a yanka harshe.

Kurfin da aka sayo sabo ba a washe yake ba, ko da ya yi ƙyalli. A fara da bayansa, a kwantar da shi a dutsen wasa mai lamba 1000 har kusa da bakin ya yi sumul bai ɗaya. Sannan gangaren bakin: digiri 25 ga kurfin shara, 30 ko ɗan fiye ga wanda za a riƙa bugu, don bakinsa kada ya gutsure. Ana ci gaba da wasawa har yatsa ya ji ɗan kaifin ƙarfe ya lanƙwaso ta baya, daga wannan gefe zuwa wancan. In bai fito ba, ba a kai bakin ba tukuna. A ƙarasa da dutse mai lamba 4000 ko 6000. Gwajin shi ne ya yanki ƙarshen katako mai laushi ya fitar da ɓawo siriri, ba gari ba.

Zane, inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace

Masu koyo sukan ɗauka gwanintar tana hannun mai yanka. Mafi yawan haɗin da ya ƙi zama, tun wajen zane ya lalace.

Fara da goge kowane katako da jakfilen har fuska ɗaya ta miƙe. Yi mata alama da fensir. Sannan ka goge gefen da ke maƙwabtaka da ita har sikwaya ta zauna babu hasken da ke ratsawa, shi ma ka yi masa alama. Daga nan har ƙarshen aikin, duk awo da duk zane daga waɗannan fuskoki biyu zai tashi, ba daga kishiyoyinsu ba. Dalilin kuwa, da wuya katako biyu su zo kauri ɗaya cif. Idan ka auna wannan daga waje, wancan daga ciki, bambancin rabin milimita ɗin zai fito a haɗin. Idan duka daga waje ka auna, bambancin ya ɓuya ƙarƙashin tebur inda ba mai gani. A ƙafafu, fuskoki biyu masu alama su ne za su kalli waje. A ɗamara, fuska mai alama ta kalli waje, gefe mai alama ya kalli sama.

Tsayar da ƙafafun huɗu a dunƙule yadda za su tsaya a tebur, ka rubuta 1, 2, 3, 4 a kawunansu, ka ja layi da fensir a fuskokin ciki inda rami zai faɗa. Kada ka tsallake wannan. Haƙa kyakkyawan rami a fuskar da ba ita ba kuskure ne da har gwanaye ke yi, kuma ba ya gyaruwa sai da sabuwar ƙafa.

Yanzu ka kwantar da ƙafafun a jere, ka daidaita gindinsu, ka matse su tare da kilam. Auna 450 daga gindi ka ja layi da sikwaya ya ratsa duka huɗun: nan ne ainihin kan ƙafa. Ragowar 25 da ke sama an bar ta ne da gangan, tana hana kan ƙafar tsagewa lokacin bugun kurfi. Daga layin nan ka sauko 15 ka ja layi na biyu, ka sauko 75 ka ja na uku. Tsakanin na biyu da na uku, 60 ke nan, shi ne tsawon rami. Zana su tare yana sa ɗamarar ta zauna a tsayi ɗaya ko'ina.

Sai geji. Kada ka saita allurarsa biyu da tef. Ɗora bakin kurfin na 8 tsakaninsu, ka matso su har su taɓa gefensa biyu, domin kurfin ne zai yanke faɗin ramin, kuma wanda aka rubuta wa 8 yana iya zama 7.8 ko 8.2. Ƙa'idar da aka saba ita ce harshe ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katako, amma a nan ƙafar ta fi ɗamarar kauri nesa, don haka 8 ya fi 6 ƙarfi kuma ba ya raunana komai. Saita kan gejin yadda allurar farko za ta faɗa 11 daga fuskar waje, ka zana ramuka takwas ɗin. Bayan ka gama duka, matsar da kan gejin kawai zuwa 6, ba tare da ka taɓa tazarar allurar ba, ka zana harsuna: ka bi gefe, ka ratsa ƙarshen katako, ka sauko ɗaya gefen. Bambancin 11 da 6 zai sa ɗamara ta koma ciki da milimita 5 daga fuskar ƙafa. Yana da kyau a ido, kuma yana rufe ƙananan kurakurai da za su fito fili in an ce sai sun zo daidai da juna.

Layin kafaɗar harshe, wato inda harshen ya tsaya, 30 daga ƙarshe, da wuƙa ake yin sa, ba da fensir ba. Layin fensir yana da kauri, na wuƙa ba shi da shi, ga shi kuma yana yanke jijiyar saman katako don zarto kada ya yage ta. Haɗa dogayen ɗamara biyu ka zana su tare, gajeru ma haka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tazarar kafaɗa zuwa kafaɗa ta zo ɗaya a kowane biyu. In ta bambanta, teburin ba zai taɓa yin kusurwa daidai ba.

Haƙa rami

Rami ake fara yi, sannan harshe, saboda ya fi sauƙi a rage harshe ya dace da rami a kan a gyara cikin rami.

Matse ƙafar a kan benci, wajen da ke saman ƙafar bencin, inda bugu ba ya girgiza benci. Ka tsaya a ƙarshen katakon kana kallon tsawonsa, don daga nan ne ido ke gane ko kurfin ya karkata hagu ko dama. Naɗa ɗan salatef a jikin kurfin a zurfin da ake so. Fara kamar milimita 3 daga layin ƙarshe, kurfi a tsaye, gangaren bakinsa na kallon inda za ka dosa. Buga, ka matsa gaba milimita 3 ko 4, ka sake bugawa. Kowane bugu zai fi na baya nitsewa domin gutsuren yana samun wurin faɗawa. In ka kai ɗaya ƙarshen, ka tsaya saura 3, ka juya kurfin ka dawo. Milimita 3 ɗin da aka bari a kowane ƙarshe su ne kurfin zai jingina a kansu wajen ɓanɓaro gutsure, su murƙushe a madadin bakin ramin. Sai an kai zurfi ake sare su, kurfi a tsaye, bayansa na kallon layi.

Kada ka karkaɗa kurfin hagu da dama don ya fita. Yin haka na buɗa ramin. Gaba da baya kawai.

Akwai abin da ke ba masu koyo mamaki a ƙafar tebur: ramuka biyu na ƙafa ɗaya suna haɗuwa a ciki. A wannan awon, suna cin karo a zurfin 26. Idan aka haƙa na farko har ƙasa, lokacin haƙa na biyu kurfi zai faɗa cikin fanko ya tsaga bangon ciki. Maganinsa, a tsayar da na farko a 26, a haƙa na biyu har 34. Na biyun zai kwashe kusurwar da suka yi tarayya a kai yana da katako a ƙarƙashinsa, ramukan su buɗe wa juna da tsabta.

Mai injin huda yana iya rage wa kansa wahala da baki na 7, ya jera huji a tsakiyar layukan, sannan ya share gefe da faffaɗan kurfi. Ya fi sauƙin ƙarfi, amma ya fi haɗarin bango ya karkace, don yanzu hannu ne ke yanke faɗin ramin, ba kurfin ba.

Yanka harshe

Kafin zarto, ɗauki faffaɗan kurfi ka yanko ɗan gangare daga ɓangaren da za a zubar zuwa layin wuƙa, ya zama ƙaramin kwari da zarton zai zauna a ciki. Sannan ka ɗaure katakon a bayis (abin matse katako na jikin benci) a karkace, kamar digiri 45, yadda za ka ga layin ƙarshe da na gefe ɗaya a lokaci guda. Yanka kusurwar har kusa da kafaɗa. Juya katakon ka yi haka ta ɗaya gefen. Tsayar da shi a miƙe ka sauke tudun da ya rage a tsakiya. Yankan biyu na farko su za su ja zarton. Haƙoran zarto suna cin kusan milimita ɗaya, don haka dole su bi ta ɓangaren da za a zubar, layin kansa ya tsira a jikin harshe. Wanda ya bi tsakiyar layi a gefe biyu ya yi asarar milimita guda, harshensa zai yi lilo a rami. Kada ka danna zarto, nauyinsa ya isa.

Kwantar da katakon ka yanka kafaɗu, ɓangarorin su faɗi. Daga nan ka rage faɗin harshen zuwa 60: cire 15 daga sama, 5 daga ƙasa. A ƙarshe ka sare kusurwar ciki ta bakin kowane harshe da milimita 5 a digiri 45, don harsuna biyu da ke haɗuwa cikin ƙafa kada su tokari juna. In sun tokara, kafaɗa ba za ta rufe ba, kuma mutum zai yi ta share wurin da ba shi ne matsalar ba.

Harshen da ya dace yana shiga da ƙarfin hannu ko ɗan bugu kaɗan, kuma in an ɗaga ɗamarar ƙafar ba ta zamewa. Wanda sai an yi ta dukansa ya yi kauri, zai tsaga ƙafar ko ya share gam ɗin duka wajen shiga. In ya ƙi shiga, shafa fensir a bangon ramin ka sake gwadawa. Inda baƙi ya fito a harshen nan za ka share, kaɗan kaɗan, kana yanka a gicciye. In kuma ya yi sako-sako, kada ka sa ran gam zai cike, farin gam ba ya da ƙarfi a wurin da ke da tazara. Manna siririn katako a gefen da ya ragu, jijiyarsa na bin ta harshen, ya bushe, ka sake sharewa. Idan kafaɗa ta rufe ta waje amma ta buɗe ta ciki, ko dai layin bai zagayo daidai ba, ko akwai ɗan tudu a gindin harshen. Yawanci tudun ne. Kowane haɗi da ya zauna a ba shi lamba, kada a musanya.

Haɗawa da gam

Kafin gam, a haƙa ƙananan ramuka a fuskar ciki ta ɗamara na riƙe allon sama, biyu a kowace doguwa, ɗaya a tsakiyar kowace gajera: faɗi 6, zurfi 8, tsawo 35, suna farawa 12 daga gefen sama. A kuma goge duk fuskokin ciki da samfefa yanzu, don bayan haɗawa hannu ba ya kai wa lunguna. Harshe da kafaɗa kam kada samfefa ta taɓa su.

Haɗa teburin duka a bushe, da kilam a kai, ka ga komai ya rufe. Farin gam yana ba ka minti 5 zuwa 10 ne kawai kafin ya fara kamawa, ba lokacin neman guduma ba ne. Saboda haka a yi shi kashi biyu. Da farko ƙafa biyu da gajerar ɗamara, sau biyu. Shafa gam a bangon rami da gefen harshe, siriri amma ko'ina. In ya taru a gindin rami zai hana harshen ƙarasawa. Sa guntun katako tsakanin kilam da ƙafa, kuma kilam ɗin ya bi tsakiyar ɗamara daidai, in ya karkata zai ja ƙafafun su tsuke ko su buɗe. Auna tazarar ƙafafun a sama da ƙasa, su zo ɗaya. Bayan awa ɗaya aƙalla, a haɗa ɓangarorin biyu da dogayen ɗamara a kan wuri mai shimfiɗe sosai. Auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu. In awon ya bambanta, karkata kilam kaɗan zuwa ɓangaren da ya fi tsawo ka ƙara matsewa har su daidaita.

Gam ɗin da ya tsatso kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, yana shiga jijiyar katako ya hana mai ko fenti kamawa, sai tabo ya fito daga baya. A bar shi minti 20 zuwa 30 ya yi danƙo, a ɗauke shi da kurfi. Ƙarfen kilam kuma kada ya taɓa ɗanyen gam a kan katako, yana barin baƙin tabo a wasu itatuwa. A bar teburin awa 24 kafin a ɗora masa nauyi, sannan a yanke ragowar 25 na kawunan ƙafafu a goge su daidai da ɗamara.

Allon sama

A nan ne teburi da yawa masu kyakkyawan haɗi ke tsagewa. Katako kusan ba ya canza tsawo, amma faɗinsa na kumbura da laima yana tsukewa da bushewa, kuma babu fentin da ke hana shi. Allo mai faɗin 380 yana iya motsa milimita 3 zuwa 4 tsakanin lokacin danshi da na bushewa. In aka manne shi da gam a ɗamara ko aka kafe shi da sukuru ta ko'ina, ranar da ya so tsukewa ya rasa hanya sai ya tsage.

Don haka ake riƙe shi da ƙananan katakai masu harshe. Yanka guda shida, 40 da 30, kauri 18, a fitar wa kowanne da harshe mai kaurin 5 a ƙarshensa, yana farawa 11.5 daga saman ɗan katakon, jijiyar katakon na bin tsawon harshen don kada ya karye. Harshen ya shiga ramin ɗamara, jikin kuma a ɗaure shi a ƙarƙashin allo da sukuru guda mai tsawon 30. Ana so saman ɗan katakon ya gaza kaiwa allo da kamar rabin milimita kafin a ɗaure, don sukurun ya jawo allon ƙasa ya zauna. A dogayen ɗamara a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin ɗan katakon da ɗamara, nan ne allon zai riƙa shiga yana fita.

Wajen haɗa falankin allon, a haɗa biyun fuska da fuska a bayis a goge gefunansu tare. In jakfilen ya ɗan karkata, karkatar ɗaya za ta cike ta ɗayan idan aka buɗe su. Gam kaɗai ya isa wannan haɗi, muddin babu haske tsakaninsu.

Samfefa 120, sai 180, sai 220, kullum ana bin tsawon jijiya. Mai ko banis, duk yawan shafin da aka yi a sama a yi shi a ƙasa, in ba haka ba fuska ɗaya za ta fi shan laima allon ya lanƙwashe. Tsumman da aka shafa man linsid da shi kada a dunƙule shi a jefa cikin shara, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe ya bushe ko a nutsar da shi a ruwa.

Idan teburin na ɗingishi, kada ka fara yanke ƙafar da kake zargi. Ɗora shi a wuri mai shimfiɗe, ka cusa siraran katakai ƙarƙashin gajerun har ya daina motsi kuma samansa ya daidaita. Kwantar da fensir a kan guntun katako mai kaurin 3 ko 4, ka zagaye gindin kowace ƙafa da shi, ka yanke a kan layin. Sannan ka sare kaifin gindin kowace ƙafa da milimita 2 a zagaye, don kada gefen ya ɓalle idan ana jan teburin a ƙasa.